Ga 'yar'uwar da ke tsoron tiyata ta baza mata dajin

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jiki. Kin ce kina son fasa tiyatar saboda an gaya miki in wuƙa ta taɓa dajin mama sai ya bazu. Wallahi da wannan maganar aka riƙe ni a gida.

Yayar mijina ce ta kafe. Ta kawo wani mai magani ya ce sammu ne, ya haɗo sassaƙe da wani baƙin mai na shafawa, kuɗin kuwa kada ki tambaya, har 'yan kunnena na gwal sai da suka tafi. Saboda ita maigidan ya ƙi sa hannu a takardar asibiti. Ƙullutun da bai fi goro ba ya yi ta girma har ya fashe. Wani dare ina canza tsumma, autata ta zo bakin ƙofa, ta toshe hanci ta juya. Ita kuwa yayar mijin nawa har yau ba ta ce min yi haƙuri ba, a wajen biki ma sai ta ce ai da an ci gaba da maganinta da ban rasa nonon ba. Na bar ta da Allah.

Maganar cewa tiyata na baza daji tana da ɗan tushe. Likitana ya ce tiyata na firgita jiki, ya saki sinadaran firgici, wato adirenalin da kotisol, da sinadaran kumburi, sai ƙwayoyin garkuwar jiki masu farautar ƙwayoyin daji su yi sanyi na kwanaki ko makonni. In akwai waɗanda suka riga suka sulale cikin jini, a lokacin suke samun sararin kafuwa. To amma ƙullutun da aka bari kullum turo su yake, ba ya hutu. Da yawa daga waɗanda ake cewa tiyata ta kashe, an kai su ne ciwon ya riga ya kama huhu ko hanta.

Likitoci ma suna neman toshe wannan kafar. Asibitin Tata na Mumbai a Indiya ya jagoranci gwaji kan mata 1,583, aka yi wa wasunsu allurar kashe zafi mai suna lidoken kewaye da ƙullutun kafin yanka. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna kashi 90 cikin 100 na waɗannan suna raye bayan shekara 5, sauran kuma kashi 86. Ki tambayi likitanki. A Isra'ila ma an gwada maganin hawan jini, furofuranolol, don toshe wannan kafar, amma don Allah kada ki je kemis ki saya, musamman in kina da fuka.

Ki ci abinci sosai, ki tanadi masu ba ki jini tun yanzu, ni ranar aikin aka yi ta buga waya. In an ce kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, bayan tiyata kada ki bari a ja miki lokaci. Ki rage masu zuwa dubiya ma, wasu labarin mutuwa kawai suke kawowa. Takardar kuma, ki tambaya a asibitin ko za ki sa hannu da kanki, tun kafin dangi su fara taro a kanki.