Ganyen zaiti ya ƙi ruɓewa a ramin taki, ko in cika shi da ruwa?

Tambaya: Wata biyar ke nan da na tara busasshen ganyen zaiti a rami don yin taki. Ƙamshinsa ya tafi, amma ganyen yana nan yadda yake. Wani ya ce akwai guba a ciki, in cika ramin da ruwa in rufe da leda har ta wanke. Ina tsoron kada in kashe shukata da hannuna.

Amsa: Malam, tsoronka yana kan hanya, amma don Allah kada ka bi wannan shawara.

Ƙamshin nan na wani mai ne mai saurin bin iska, irin su siniyol, kuma zafi ne ke kwashe shi. Abin da ya rage maka sinadarai ne da ake kira dangin finol, wato tanin (mai sa ganye bauri) da lignin (mai sa itace tauri). Tanin yana narkewa a ruwa, wanda bai wanke ba kuma sai ya ɗaure furotin ya hana naitirojin, sinadarin da shuka ke buƙata, fita. Lignin kuwa ruwa ba ya yi masa komai. Fumfuna ce ke farfasa shi, kuma sinadaran da take fitarwa ba sa aiki sai da iskar oksijin.

To, a nan masu cewa "a jiƙa a rufe" suke cutar mutane, kuma kullum sai an maimaita wannan magana. Da zarar ruwa ya cike ramin, iska ta fita, fumfuna ta tsaya. Finol ɗin da ya narke ba shi da inda zai je, sai ya taru a ƙasan ramin kamar baƙin shayi. Ƙwayoyin bakteriya da ba sa buƙatar iska su karɓi aikin, su tara asid mai tsami. Ka buɗe ledar ka ga ganye ya yi baƙi, yana yauƙi, yana ɗoyi, ka ɗauka ya nuna. Bai nuna ba! Wannan ne yake ƙone saiwar dashe. Ai rashin iskar nan ne ya sa tsirrai ke shafe dubban shekaru a fadamun ƙasashen sanyi ba su ruɓe ba.

Naka ramin, ga alama, bushewa ce ta kama shi. Zafi yana hanzarta ruɓewa ne kawai idan akwai laima.

Fito da ganyen ka daddatsa shi, ka haɗa kashi 3 na ganye da kashi 1 na ɗanyen kashin dabbobi. Yi tsibi a bisa ƙasa, mita 1 kowane gefe. Laimar da ake so kashi 50 zuwa 60 ce cikin 100: ka matse dunƙule a hannu, ɗigo ɗaya ko biyu su fito, ba tsiyaya ba. Ka riƙa juyawa duk mako 2. Idan tsakiyar tsibin ta yi zafin digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Celsius, aiki na tafiya.

Kafin ka kai shi gona, shuka iri 10 a takin da ka gauraya da ƙasa, wasu 10 a ƙasa zalla. In na takin sun gaza fitowa ko saiwarsu ta gajarce, ƙara masa wata guda.