Oga ya dawo daga Amurka da zazzaɓin kifin samon, wane ril mai mita za mu saya?

TAMBAYA

Salamu alaikum Kawu, Allah ya ƙara basira. Ni mutumin Yawuri ne amma na daɗe a Legas, ina zaune a Idi-Araba, aikina tuƙa ma wani Alhaji ƙaramin jirgin ruwansa na shan iska, duk Asabar mukan bi ta Five Cowrie mu fita har gaban Tarkwa Bay. To bara ya je wajen ɗansa a Mishigan aka fita da shi kamun kifin samon, wallahi tunda ya dawo kunnena bai huta ba. Yanzu ya turo min hotuna a WhatsApp na abin naɗe zaren fatsa, wato ril, na Okuma da Daiwa da Shimano, kowanne da wata ’yar mita a sama irin ta babur, wai tunda ni ɗan masunta ne in zaɓa, yaron zai sayo, Alhaji ya yi amfani da su can in ya koma sannan ya taho da su nan. Kawu ni da taru da mali na tashi, kar in je in ji kunya. Wanne ya fi? Kuma don Allah akwai samon a ruwan Legas?

Direban jirgi, Idi-Araba

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Bari in fara da ta ƙarshen don ita ce mai sauƙi, babu. Samon kifin ruwan sanyi ne, inda yake sakewa shi ne wajen digiri 10 zuwa 13, ruwanmu na nan kuwa yawanci 25 ne zuwa 29, in ka ga samon a Legas to a firjin babban kanti ne, daga Norwe ya zo a ƙanƙare. Ko a tafkin Mishigan ɗin ma baƙo ne, asalinsa na tekun Fasifik ne. Wani ƙaramin kifi ne mai suna alewife ya cika musu tafki har yana mutuwa tuli-tuli a bakin ruwa, a 1967 sai da aka sa katafila tana kwashe gawarsa a gaɓar Shikago, saboda yawansa ne hukumar kifin jihar Mishigan ta zuba samon nau'in koho a 1966 a ƙarƙashin shugabanta Howard Tanner, shinuk kuma a 1967, don su cinye shi. Shinuk ɗin nan shi ne giwan ruwansu, kuma ina kyautata zaton shi ya ja Alhaji ya dawo yana sambatu.

Yanzu mitar. Ka san yadda ake wannan kamun, jirgi na tafiya a hankali kamar mil 2 zuwa 3 a awa, ana jan koton ƙarfe ko na roba a baya, shi kuma kifin yana can ƙasa ya laɓe a daidai inda sanyin ruwa ya yi masa. In ka saki zare kaɗan koto ya wuce ta samansa, in ka saki da yawa ya wuce ta ƙasa. To a ce kifi ya kama lokacin da mita ke nuna 120, ka ciro shi, sai ka sake sakin zare har 120, koto ya koma inda ya samo na farko. Aikinta kenan. Ba zurfi take faɗa maka ba, tsawon zaren da ya fita take faɗa, kuma da ƙafa take lissafi ba da awon mita ba, ƙafa 100 wajen mita 30 da rabi kenan.

Kuma ko tsawon ma ba aunawa take ba, nan ne mutane ke ruɗewa. Juyin ƙwarƙwaron da zaren ke naɗe a kai take ƙirgawa. Je ka wajen tela a Idi-Araba ka kalli bobin ɗin keke, in ya cika juyi ɗaya zare mai tsawo yake saki, in ya kusa ƙarewa juyi ɗaya ɗan guntu ne, to ita mita duk juyi ɗaya ne a wajenta. Don haka ril ɗin da ba a cika shi da zare ba zai nuna maka 100 alhali abin da ya fita bai kai ba. Ni da kaina na yi wannan gwajin a wani fili a Agege bayan la'asar, na ari tef ɗin magina na auna ƙafa 100, na kafa turke na ɗaure bakin zaren na riƙa ja da baya, yara sun taru suna kallon tsoho na kamun kifi a kan turɓaya, wani har yana tambayata ko in ara masa bokiti. Da na isa kan alama mita ta wuce 100 sosai. Na ƙara zare na sake, na ƙara na sake, sai a karo na uku ta zauna. In ta haura 100 ka ƙara zare, in ta gaza ka rage, shi kenan, kuma ko na miliyan ka saya sai ka yi masa haka.

To su ukun.

Okuma kamfanin Taiwan ne kuma su ne na talaka, ba da zagi ba. Magda shi ne mafi araha, jikinsa roba ce mai ƙarfi, ba nauyi, yana yi wa ƙananan kifi aiki lafiya lau amma ni ba zan ɗora shi a gaban babban shinuk kullum ba. Convector da Cold Water suna samansa, kuma Cold Water mai lamba 30 za ka gan shi jere a jiragen masu fita kamun samon waɗanda ke son sandar fatsa shida ko takwas ba tare da sun sayar da gona ba. Daiwa ’yan Japan ne, Sealine ɗinsu mai lamba 47 tsohon hannu ne, irin Fijo 504, ba ado amma yana zuwa yana dawowa, in kuɗi sun ƙaru akwai Saltist. Shimano ma Japan ne, eh su ne dai masu giyar keke, nasu shi ne Tekota, 500 ko 600, gangar jikinsa ƙarfe ne, kuma shi ya fi tsada a cikin hotunan da aka turo maka in dai shi ne. Tsohon samfurin juyin hannu ɗaya yana juya ƙwarƙwaro sau 4.2, sabon mai harafin A ya kai 6.3, wannan ba ƙaramin abu bane in zare ƙafa 300 ne a waje kuma hannunka ya fara tsami.

Amma ka ga abin da ya raba mai tsada da mai araha ba mitar bane, kusan duk dabara ɗaya ce. Birki ne. Shinuk in ya ji ƙugiya ba ya tsayawa gardama, gudu yake zubawa, ril na ƙara zare na fita kamar an ɗaura shi a bayan ɗan acaɓa, a lokacin kana son birkin da zai riƙa saki sumul yana riƙewa daidai. Birkin da ke cijewa ya saki ya cije, a cijewar nan zare ke tsinkewa ko ƙugiya ta yage bakin kifi. Ka ce ma yaron kafin ya biya ya ɗaure birkin rabi ya ja zare da hannu, in ya ji yana fizga-fizga ya ajiye musu kayansu.

Sai ka tambayi Alhaji da me suka sauke koton a can. In da dalmar nan ce mai nauyi da ake saukewa da waya daga wani ƙaramin inji a gefen jirgi, wannan injin yana da mitarsa, ta ril ɗin ba dole bace sosai. In kuwa da faifan nan ne Dipsy Diver mai nutsewa da kansa gwargwadon zaren da ka saki, to babu mita babu aiki, har takardar lissafi yake zuwa da ita, kuma yana da ja, don haka kar a sayi ƙaramin ril.

Da ni ne da kuɗin Alhaji, biyu zan saya iri ɗaya lamba ɗaya, in cika su da zare iri ɗaya, don in na dama ya kama a 120 na hagu ma 120 ɗinsa ta zama 120. Tekota ɗaya da Magda ɗaya a jirgi guda kamar agogo biyu ne a masallaci kowanne da lokacinsa. In aljihu ya ɗauka Tekota 600 guda biyu, in bai ɗauka ba Cold Water biyu, ba abin kunya a ciki.

Dalilin da ya sa na ɗan karkata ga Tekota shi ne maganar dawowa da su nan. Tafkin Mishigan ruwan daɗi ne, namu gishiri ne, kuma gishirin Legas ba ya jin bari. Na taɓa sayen wani na hannu a wani shago, mai shi ya rantse min daga jirgin Turawa ya fito, wata biyu gilashin mitar ya yi hazo, na uku maɓallin mayar da ita sifili ya maƙale, da na kwance sai farin gari kamar kanwa a ciki. Laifina ne rabi don ban wanke ba. Duk dawowa ka ɗaure birki, ka zuba masa ruwan famfo a hankali ba da ƙarfin tiyo ba, ka goge, sannan ka sassauta birkin ka bar shi ya sha iska a inuwa. Kuma zai yi muku amfani a bakin teku wajen jan koto ma barakuda, sai dai ka sa guntuwar waya a gaban ƙugiya don haƙoransa reza ne, zaren samon ko sallama ba zai yi masa ba.

Af, kafin yaron ya biya kuɗi ka lura da wane hannu Alhaji ke naɗi. Yawancinsu mariƙin a dama yake, akwai na bahagwai daban da lambarsa daban, kuma ba a juya shi kamar na ƙaramar fatsa. In ya iso Ikoyi a karkace ba mai mayar maka da shi Mishigan.