Manhajata na korar mutane: in yi hayar Redis ko in koma JWT?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gina wa wata makaranta manhajar intanet da Node.js da Express, inda iyaye ke shiga su duba sakamakon 'ya'yansu su kuma biya kuɗin makaranta. Da muna kan saba ɗaya, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, lafiya lau. Da muka ƙara ta biyu lokacin fitar sakamako, sai mutum ya shiga, ya buɗe shafi ɗaya ko biyu, a ce ya sake shiga. Kuma duk ranar da na sabunta manhajar, kowa sai ya tsinci kansa a waje. Wani abokina ya ce in yi hayar Redis da ake biya da dala duk wata, wani ya ce in koma JWT in huta. Wanne zan ɗauka? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka fitar da ko sisi tukuna, don matsalar ba ta kuɗi ba ce.

Ka san mai gadin babura a bakin kasuwa: ya karɓi babur ɗinka, ya miƙo maka ɗan kati mai lamba, ya rubuta lambar a littafinsa. Haka zaman mai amfani (session), wato yadda manhaja ke tuna wanda ya shiga, yake aiki, domin HTTP, ƙa'idar da burawuza da saba ke magana da ita, ba ya tuna kowa. Katin shi ne kuki, wanda Lou Montulli ya ƙirƙiro a Netscape a 1994, yana zaune a burawuzar mutum. Littafin kuma yana wajen saba. Ina kyautata zaton express-session, kayan aikin Express na kula da zama, kake amfani da shi ba ka faɗa masa inda zai ajiye ba. In haka ne, a cikin ƙwaƙwalwar manhajar yake ajiyewa, kuma su kansu masu shi sun yi gargaɗi cewa wannan ma'ajiya ta gwaji ce kawai. Kenan masu gadi biyu gare ka, kowa da littafinsa. Uba ya karɓi kati wajen na farko, ya dawo ya tarar da na biyu, shi kuwa ya ce bai san shi ba. In ka sake tayar da manhajar kuma, littattafan biyu sun tafi.

Maganin shi ne littafi ɗaya da sabobin biyu za su riƙa dubawa, kuma kana da shi: rumbun bayanan da sakamakon yaran ke ciki. In PostgreSQL ne akwai connect-pg-simple, in MySQL ne akwai express-mysql-session. Wannan ba dabarar marasa hali ba ce. Django ma, sanannen tsarin gina manhajar intanet, a rumbun bayanai yake ajiye zama tun asali. Ka dai tabbatar ana share waɗanda wa'adinsu ya ƙare, kada teburin ya yi ta kumbura.

Redis, ma'ajiyar bayanai ce da ke aiki a cikin ƙwaƙwalwar saba, kuma abu ne mai kyau. Salvatore Sanfilippo ya fito da shi a 2009, yana da sauri, kuma kana iya sa wa kowane zama wa'adi ya goge kansa. Amma lokacinsa shi ne ranar da ka auna ka ga rumbunka ya fara nishi. Ko a ranar ma ba dole sai haya ba, kana iya ɗora shi a sabarka, ko ka ɗora Valkey, wanda aka tsago daga gare shi a 2024 ƙarƙashin Linux Foundation bayan an sauya lasisin Redis. In ka zaɓi haya, ka ɗauke shi a cibiya ɗaya da sabobinka, don kusan kowane dannawa sai an tambaye shi.

JWT kuwa, a wannan aikin ban ba ka shawara ba. Kati ne mai sa hannu da ke ɗauke da bayanin mutum, saba ba ta rubuta komai. To a ce an sace wayar wata uwa a cikin adaidaita, ta bugo maka hankali a tashe. Da littafi, layi ɗaya za ka goge, ɓarawo ya tsaya a waje. Da JWT katin na nan da rai har wa'adinsa ya cika, sai dai ka buɗe jerin katunan da aka soke, ka ga ka koma littafin da ka gudu.

Abin da ya fi damuna ma ba ka tambaya ba. Ka sauya lambar zama da zarar mutum ya shiga, da regenerate, don kada wani ya dasa masa lambar da ya riga ya sani. Ka sa wa kuki matakan kariya na HttpOnly da Secure da SameSite. In mutum ya danna fita, a goge zaman a saba, ba a burawuza kaɗai ba. In ya sauya kalmar sirri, a kashe duk sauran zamansa. OWASP, ƙungiyar da ke aiki kan tsaron manhajoji, na ba da shawarar rufe zaman da aka bari babu motsi bayan minti 15 zuwa 30, ko 2 zuwa 5 inda haɗari ya yi yawa. Iyaye da yawa a shagon kwamfuta suke duba sakamako, su tashi su bar shafin a buɗe.

Tambaya: Malam, shafinmu na PHP ne. Ma'aikata na tsaka da cike dogon fom sai ya fitar da su, duk abin da suka rubuta ya ɓace. Masu ba mu masauki sun ce mu ƙara kuɗi mu hau babban tsari. Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, duba session.gc_maxlifetime tukuna, wato saitin PHP na wa'adin zaman da aka bari babu motsi. Asalinsa daƙiƙa 1440 ne, wato minti 24. Ki ƙara shi, sannan ki ba shafinki nasa wurin ajiya da session.save_path, domin a masaukin haɗaka, in kuna ajiya wuri ɗaya da maƙwabci mai gajeren wa'adi, shararsa na iya kwashewa har da naki. Ki kuma duba ko an ɗaure zaman da adireshin IP. Layin waya na sauya shi mutum na zaune wuri guda. Fom ɗin kuma a sa ya riƙa ajiye abin da aka rubuta lokaci-lokaci.