Me ya sa injin yankan ciyawa ke mutuwa idan ya yi zafi?

Tambaya: Ni ke gyaran filin ƙwallon wata makaranta a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Tun da aka canja wa injin yankan ciyawarmu tiyon mai, da safe lafiya lau yake aiki, amma rana na take tsaka sai ya fara tari ya mutu. In ya huce ya tashi. An wanke kafireta har sau biyu.

Amsa: Malam, a bar kafireta ta huta, a duba inda bakanike ya bi da tiyon nan.

Fetur ba kamar ruwa ba ne da sai zafi ya kai digiri 100 yake tafasa. Gauraye yake, kuma mafi sauƙin cikinsa na fara zama tururi tun zafi bai wuce digiri 40 ba. Ka san ranar Katsina daga Maris zuwa Mayu, ita kaɗai kan kai haka. To ina ga tiyon da aka jingina da salansa ko kan silinda?

Yawancin irin waɗannan ƙananan injuna ba su da famfon mai. Tanki na sama, kafireta na ƙasa, nauyin fetur kawai ke gangaro da shi. Da zarar tururi ya taru a cikin tiyo, wannan ɗan nauyin ba zai iya ture shi ba, sai inji ya mutu da ƙishi ga tanki cike. Abin ya fi muni idan tiyon ya yi tsawo har ya yi doro, don a nan tururi ke samun mazauni. A yanke shi daidai wa daida, ya gangaro kai tsaye ba hawa, nesa da duk wani ƙarfe mai zafi. Kuma a sa baƙin tiyo na fetur. Farin na roba da wasu ke laƙawa don araha bushewa yake yi ya tsage, kusa da salansa kuwa gobara ce.

Ka share busasshiyar ciyawar da ta toshe haƙarƙarin silinda, wato siraran ƙarafan nan da ke jere a jikin injin, iska ce kaɗai ke sanyaya injin.

Abu biyu na kwaikwayon wannan ciwo. In ya fara tari, sassauta murfin tanki kaɗan. Idan ya farfaɗo, hujin iskar murfin ne ya toshe. Idan kuma ya mutu ka cire fulogi da zafinsa ka ga ba ya ba da wuta, kwayil ne, wato abin da ke ba fulogi wuta, shi za a canja.