Shin da gaske ne sunayen kogunan duniya suna da ma'ana a harshen Urdu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. An turo mini wani jeri a WhatsApp mai ɗauke da sunayen kogunan duniya da ma'anoninsu a Urdu, inda aka ce Rawi yana nufin mai ruwaito hadisi, Nilu shuɗi, Canab kuwa ruwan ƙasar Sin. Maiɗakina ta kusa haihuwa, kuma mun so mu zaɓi laƙabi daga ciki, amma wani abokina ya ce akwai sunayen gumaka a jerin. Hankalina ya tashi. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sauki maiɗakinka lafiya. Ka kwantar da hankalinka, tunda ba ka riga ka raɗa suna ba, amma kada ka dogara da wannan jerin, domin an gina shi ne a kan kuskure ɗaya da nake cin karo da shi kusan kullum: ɗaukar cewa duk sunan da aka rubuta da haruffan Urdu, harshen ƙasar Pakistan, ya zama kalmar Urdu, har a buɗe ƙamus a nemo masa ma'ana.

Abin da yake na Urdu a yawancin waɗannan sunaye shi ne kalmar da ke gabansu kawai, wato darya, wadda suka aro daga Farisanci, inda take nufin teku, su kuma suka mayar da ita kogi. Shi ya sa suke cewa Darya-e-Sind, Darya-e-Nil, Darya-e-Furat. Nahr ta Larabci a bakinsu magudanar ban ruwa ce da aka haƙa, teku kuwa samandar. Abin da ya biyo bayan darya, galibi suna ne da ya girmi Urdu da ƙarnuka masu yawa.

Mu ɗauki Rawi, tunda shi ya fi jan hankalinku. Kogi ne da ya taso daga tsaunukan Himacal Piradesh a Indiya, ya bi ta gefen birnin Lahor. A rubutun Urdu haruffansa huɗu ne, ra da alif da wawu da ya, daidai da na kalmar Larabci ta mai ruwaya, kuma a nan ne masu haɗa jerin suka zame. Sunan ya gajarce ne daga Irawati na Sanskirit, tsohon harshen Indiya, kuma Girkawan da suka raka Iskandar na Makidoniya zuwa yankin a shekara ta 326 kafin haihuwar Annabi Isa sun riga sun rubuta shi da lafazinsu. Larabci bai kafu a yankin Sind na Pakistan ta yau ba sai da zuwan Muhammad bin Ƙasim wajajen 711 Miladiyya, bayan shekara dubu ke nan. Ta yaya kogi zai samo sunansa daga harshen da bai iso ƙasar ba tukuna? Wannan tambayar ɗaya ta isa ta rusa rabin jerin, amma masu yaɗa shi ba sa yin ta, domin ma'anar da suka ƙirƙira ta fi daɗin ji, kuma ita ce ke sa a tura wa na gaba.

Haka Nilu. Gaskiya ne nil a Urdu shi ne baban rini, nila kuma shuɗi, amma sunan kogin ya bi ta Girkanci ne, Neilos, su kuwa Misirawan dauri suna kiransa Iteru, wato kogi kawai. Da ma'anarsa shuɗi ce, da ba a buƙaci cewa Nil-e-Azraƙ da Nil-e-Abyad ba don bambanta rassa biyun da suka haɗu a Khartum. Canab ma bai taɓa ƙasar Sin ba. Ƙoramu biyu ne, Candra da Baga, suka haɗu a garin Tandi na Indiya suka haife shi, shi ya sa ake kiransa Candrabaga a can sama. Ko Furat, wanda kalmarsa ta zo a Alƙur'ani da ma'anar ruwa mai daɗin sha, Akkadawa, mutanen tsohuwar Iraƙi, suna kiran kogin Purattu tun kafin a rubuta Larabci.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne ba a tsaya ga wasa ba. Malaman makaranta suna kwafe irin wannan jeri su rubuta wa yara a allo, iyaye suna raɗa wa 'ya'yansu suna da shi, kuma babu wanda ya san wa ya fara haɗa shi ko daga wane littafi. Abokinka yana da gaskiya: Barahmaputra ma'anarsa ɗan Barahma, abin bautar Hindu, Ganga da Yamuna kuma koguna ne da mabiya addinin suke ɗauka a matsayin alloli mata. Jerin da ya lulluɓe wannan da ma'ana mai taushi ya cuci wanda ya amince da shi, kuma ya ci zarafin tarihin masu kogin.

Akwai sunayen da mai jin Urdu zai fahimta kai tsaye, ba su da yawa. Panjab daga panj da ab ne na Farisanci, ruwa biyar, wato Jelam, Canab, Rawi, Biyas da Satluj, waɗanda yarjejeniyar 1960 ta raba su tare da kogin Sind tsakanin Indiya da Pakistan. Do-ab ƙasa ce tsakanin koguna biyu. Darya-e-Zard fassara ce ta Huang He na Sin, rawayan kogi. Sind kansa daga Sindu ne na Sanskirit, ma'anarsa kogi, kamar yadda Misisipi yake nufin babban kogi a harshen Ojibwe na 'yan asalin Arewacin Amurka.

Idan kuna son laƙabi mai alaƙa da ruwa, ga Kausar da Tasnim da Salsabil, waɗanda duk sun zo a Alƙur'ani, kuma malamin unguwarku zai nuna maka ayar kowanne kafin ranar suna.