Yaya makarantun gwamnati na gundumar Fairfax suke?

Ga mai tambaya game da makarantun Fairfax, gundumar da ke jihar Virginia ta Amurka, kusa da birnin Washington: an kafa hukumar makarantunta a 1870, kuma a yau ɗalibanta sun kai kimanin 180,000.

Abin da ya fi taɓa zuciyata a tarihinta shi ne, sai a 1954 aka buɗe wa baƙaƙen fata sakandarensu ta farko, wato Luther Jackson, ba a kuma kawo ƙarshen raba yara bisa launin fata ba sai tsakiyar shekarun 1960.

Yawancin kuɗin gudanarwa daga asusun gundumar yake fitowa, musamman harajin gidaje, saboda haka tsadar gidajen yankin tana da hannu a ingancin karatun.