Koriyar fumfuna a takin naman kaza: duk iri ɗaya ce?

Tambaya: Malam, ina noman farin naman kaza. A wani ɗakin koriyar fumfuna ta ɗan fito ta tsaya, a wani kuma ta mamaye takin har ban girbi komai ba. Ashe ba fumfuna ɗaya ba ce?

Amsa: Kama da wane ba wane ba ne. Wannan fumfuna dangin Trichoderma ce, kuma 'yan dangin sun yi kama har masana da kansu sun daɗe suna ruɗewa.

A 1985 annobarta ta ɓarke a gonakin Ailan ta Arewa, daga nan ta watsu a Turai. A farkon shekarun 1990 irinta ta afka wa Kanada da jihar Pensilbaniya ta Amurka. Da farko an ɗauka duk Trichoderma harzianum ce, aka kasa ta gida huɗu, Th1 zuwa Th4. Sai da aka binciki ƙwayoyin gado asiri ya tonu: Th1 da Th3 ɓarnarsu kaɗan ce, Th2 ta Turai da Th4 ta Arewacin Amurka su ne masu kashe gona. A 2002 aka ware waɗannan biyun aka raɗa musu suna Trichoderma aggressivum, kowacce da reshenta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda samfuran da aka tattaro daga gonaki masu nisa da juna suka fito kusan iri ɗaya a cikin kowane reshe. Ma'ana, ba kowace gona ce ke haifar da tata ba. Tsatso ɗaya ne ke yawo, a takalmi, a buhu, a motar taki, har a jikin ƙuda. Tana iya bunƙasa cikin takin da ƙwayoyin bakteriya ke hana 'yan uwanta sakat, kuma tana fara kamawa ne daga hatsin da aka raini irin naman kaza a kansa. Zarenta fari ne kamar na naman kazan, shi ya sa kafin ka ga kore ta riga ta gama aikinta.

Saboda haka kada ka yanke hukunci da ido. Ka kai samfuri daga ɗakunan biyu ɗakin gwaji a duba ƙwayoyin gadonsu. Kada kuma ka dogara da feshi kaɗai, domin a Amurka wasu ire-irenta sun daina jin magungunan kashe fumfuna na dangin benzimidazol. Ɗakin da ya lalace ka turara shi da tururi kafin ka fitar da takin.